Mayar da tsohon keken tsere fiksi da ɗan kuɗi kaɗan: me zan saya, me zan bari?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tsohon keken tsere ƙirar Peugeot, na gwanjo, firam ɗinsa ƙarfe ne. Giya biyar a baya, faranti biyu a gaba, mai haƙori 52 da mai 42, taya kuma an rubuta mata 27 x 1¼. Abin canja giyar baya ya lanƙwashe, ba ya gyaruwa. Ina so in mayar da shi fiksi, wato irin keken da muddin taya na juyawa feda ma juyawa take, babu sakin ƙafa. Aljihun ba nauyi. Akwai kuma tsohon Phoenix a jingine wanda zan iya cirar kaya a jikinsa. Mai gyaran keke ya ce a yi wa firiwil, wato dunƙulen giyar baya da ke barin taya ta juya ba tare da feda ba, walda kawai a huta. Hakan zai yi? In ba zai yi ba, me ya zama dole in saya, kuma ta ina ake farawa?

Mai Sifana 15 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da ko sisi, juya keken ka dubi tsagar da aksil ɗin tayar baya yake shiga a jikin firam. In tsagar doguwa ce a kwance, yadda za a iya matsar da taya gaba da baya kamar santimita biyu, aikin zai yiwu. In gajeriya ce mai kallon ƙasa, irin ta kekunan zamani, ka haƙura da wannan firam. Dalili shi ne a fiksi babu abin da ke ja wa sarƙa sai matsar da taya baya. Abin jan sarƙa mai sifirin da ake sa wa keke mai giya ɗaya ba ya aiki a nan: da ka danne feda baya, ƙasan sarƙar ne ke ɗaukar nauyi, sai ta miƙe ta karya shi ko ta sauka. Yawancin kekunan tsere na shekarun 1970 da farkon 1980 tsagarsu a kwance take, saboda haka akwai alamar ka dace.

Daga nan auna faɗin tsakanin tsagogin biyu ta ciki. Mai giya biyar yawanci milimita 120 ne, mai shida ko bakwai 126. Hob ɗin fiksi na ainihi, wato cibiyar taya da wayoyi ke kamawa, shi ma 120 ne, sai ya shige ba tare da an taɓa komai ba. In 126 ne, washa mai kaurin milimita 3 a kowane gefe ta gama magana.

Yanzu ga inda kuɗin yake, wato hob ɗin baya. Hob ɗin fiksi na gaskiya tiredi biyu gare shi a gefe ɗaya. Na ciki, mai faɗi, tiredin dama ne, inci 1.37 da layi 24 a kowane inci, nan ake ɗaura kog, wato ƙaramin farantin baya. Na waje ya fi shi ƙanƙanta, inci 1.29, kuma tiredin hagu ne, nan zoben kulle yake zama. Hikimar ita ce in ka danne feda baya kog ya so kwancewa, juyin da zai yi shi ne yake ƙara ɗaure zoben. Hob ɗin da ke jikin kekenka tiredi ɗaya gare shi, na dama kawai. Kog zai hau kansa lafiya, amma babu abin da zai hana shi kwancewa sai ƙarfin ɗauri.

To hanya biyu ce. Ta farko, ka sayi hob ɗin fiksi a ɗinka maka shi a tsohon wilinka. Ƙirga ramukan wayoyin wilin tukuna, tsofaffin nan yawanci 36 ne, hob ɗin ya zo da adadi ɗaya, kuma ka sa rai za a canja wayoyin don tsawonsu ba lallai ya dace ba. Wannan ita ce hanyar da nake ba kowa shawara in da hali. Ta biyu, ta marar kuɗi: a cire firiwil, a ɗaura kog a tiredin da ke nan, a bi shi da zoben kulle na gidan feda (inda aksil ɗin feda yake juyawa a jikin firam) irin na Ingila, wanda tiredinsa ɗaya da na kog. Su biyun duk na dama ne, don haka zoben ba ya kulle komai da gaske, dannewa kawai yake yi. Masu keke a Amurka suna kiran wannan haɗin hob ɗin kashe kai, kuma ba don wasa suka sa masa sunan ba. Yana aiki, amma da sharaɗi: birki biyu a jikin keke, kuma ba a tsayar da shi da ƙafa.

In ta biyun za ka bi, ga yadda ake yi. Wanke tiredin da fetur ya bushe ƙarau, kada giris ya rage. Shafa Loctite ja, wato gam ɗin kulle tiredi. Ɗaura kog da hannu, kafaɗarsa tana kallon wayoyin wili, ya shiga sumul ba tare da an tilasta shi ba. Sa taya a firam ka ɗaure. Sauke sarƙa daga farantin gaba ka rataya ta a gidan feda, da tsumma a ƙarƙashi don fenti, ka naɗe ta a kan kog har ta hau kanta ta cije. Sai ka kama taya da hannu biyu ka juya ta baya. Faɗin taya ne ya zama maka dogon hannun sifana, ƙarfin da yake bayarwa ya fi na kowace bulalar sarƙa, wato sanda mai guntun sarƙa da ake ɗaure kog da ita. Amma a yi da hankali, hob ɗin alminiyam tiredinsa yana iya cinyewa. Bayan nan zobe, sannan a bar shi kwana guda gam ɗin ya kama.

Wani abu game da Peugeot: tsofaffin kekunan Faransa da yawa tiredinsu na Faransa ne. Na hob ɗin baya milimita 34.7 ne da tazarar milimita 1, na Ingila kuwa 34.8 ne da tazara mai ɗan faɗi. Kog na Ingila zai hau na Faransa yana ɗan rawa, ka ɗauka ya zauna, ranar da ka taka da ƙarfi ya share tiredin gaba ɗaya. In ka ji kog yana girgiza bayan ya shiga zagaye biyu ko uku, tsaya nan. Wannan hob ɗin ba na aikin ba ne.

Saura layin sarƙa, wanda shi ne mutane suka fi rainawa. Dole farantin gaba da kog su tsaya a layi ɗaya. A gaba, auna daga gefen bututun sirdi zuwa tsakiyar haƙoran faranti, ka ƙara milimita 14, wato rabin kaurin bututun. A baya, raba 120 biyu, 60 ke nan, ka cire nisan da ke tsakanin cikin tsagar firam da haƙoran kog. Abin da ake nema kusan 42 a duka biyun, bambanci kada ya wuce milimita 1 ko 2. Farantin ciki, mai 42, a inda yake yawanci yana wajen 41, saboda haka kar ka taɓa shi. Bayan ne zai ba ka aiki, domin kog zai zauna can ciki kusa da wayoyi inda babbar giya take a da. Sai a kwance aksil, a kwashe washoshin gefen dama a mayar hagu har hob ya matso. Yin haka zai ture wilin zuwa dama, ya daina zama a tsakiyar firam. Maganinsa: a sassauta wayoyin dama rabin juyi, a ɗaure na hagu rabin juyi, a zagaye wilin duka, a duba, a maimaita har ya dawo tsakiya. Sa ɗigon mai a kan notin kowace waya tun ana gobe za a yi aikin, don tsofaffin wayoyi sun yi tsatsa. In an gama, cire taya ka shafa cikin wilin, duk wayar da kanta ya leƙo a goge ta da magagari, in ba haka ba faci ba zai ƙare maka ba.

Baba Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Yaro, abin da Mai Sifana ya faɗa haka yake. Bari in ɗauki zancen walda, tunda shi mai gyaranka ya kawo.

Firiwil gida biyu ne: na ciki da ke ɗaure a hob, da na waje mai haƙora. In an haɗe su da walda, gaskiya ne ƙarar nan ta tik-tik ta mutu, feda za ta bi taya. Amma na cikin har yanzu a tiredin dama yake zaune. Ka danne baya da ƙarfi, duk dunƙulen ya kwance, feda ta tafi fanko alhali kana tsammanin tsayawa. Kuma firiwil ya cinye tiredin hob duka, babu wurin da zobe zai zauna. Wato an yi walda, matsalar tana nan inda take.

Sai wani ya ce to a liƙe firiwil ɗin da hob ɗin gaba ɗaya. In hob ɗin alminiyam ne, waldar bakin titi ba ta haɗa shi da ƙarfe. In na ƙarfe ne za ta kama, sai dai zafin yana ƙone giris, yana kashe taurin kofin da boris ke gudu a ciki, ba a jima ba ka ji wili yana gurnani. Abin da ya fi wannan, ramukan wayoyin gefen dama suna bayan firiwil. Ranar da waya ɗaya ta tsinke a wannan gefen, kuma nan suka fi tsinkewa, ba ka da hanyar zura sabuwa. Wili ya zama na zubarwa saboda waya ɗaya.

Akwai kuma karkata. Tsakanin gidajen firiwil biyu akwai ɗan wasa, walda kuma tana jan ƙarfe wajen da aka fara ɗiga ta. Sai haƙoran su kafe a karkace, sarƙa ta yi tauri a wani wuri ta yi sako-sako a wani. Wanda ya nace sai ya yi, to a cire firiwil daga wili tukuna, a wanke mai, a ɗiga walda wuri huɗu, kowane ɗigo daura da ɗan'uwansa, a bari ya huce da kansa ba a tsoma shi a ruwa ba. Mai giya ɗaya ake yi wa haka, ba mai biyar ɗin nan naka ba. Ni dai a ganina kuɗin waldar da na sabon firiwil in ka haɗa, ka kusa kuɗin kog.

Phoenix ɗin kuma, kar ka sa rai da wilinsa. Tayarsa 28 x 1½ ce, bakin wilin milimita 635, naka 630, kuma faɗinsa da irin birkinsa na sanda ba sa tafiya da firam ɗin tsere. Abin da za ka iya ɗauka sarƙa ce, mai faɗin inci 1/8, in ba ta miƙe ba, da notocin aksil in tiredin ya dace. Amma ka sani, shi kansa Phoenix ya fi Peugeot sauƙin mayarwa: tsagarsa baya take kallo, yana da kusoshin jan taya tun daga kamfani, layin sarƙarsa a daidaice yake tunda giya ɗaya aka yi shi da ita. Nauyi ne kawai, ga birkin sanda da ba ya kamawa in wili ya jiƙe, ga farantin gaba da aka matse a jikin hannun feda ba da kusoshi ba, wanda yawan danna baya ke iya sa shi ya fara wasa.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Malam. Na auna: faɗin 120 ne, tsagar a kwance, ta kai santimita biyu da rabi. An cire firiwil, wani kog mai haƙori 16 da aka gwada ya shiga daram ba rawa. Walda na bar ta. Wane kog ya kamata in saya, 16 ɗin ko wani? Kuma hotunan da nake gani babu birki a jikin kekunan, in cire nawa?

Injiniya Bakwai ya rubuta:

Ɗan'uwa, kar ka cire. Kekunan da kake gani ba birki asalinsu na filin tsere ne, irin zagayayyen filin keke da ke babban filin wasa na ƙasa a Abuja, inda kowa ke tafiya gefe ɗaya kuma ba mai tsallaka hanya. Titi akwai ɗan adaidaita da zai tsaya gabanka ba sigina, akwai akuya. Kuma in ana tsayawa da gaggawa nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, shi ya sa birkin gaba ya fi komai tsayar da keke. Ko da hob na gaskiya, na gaba dole ne. Da haɗin da za ka yi na zobe da gam, biyun duka. Sayi sababbin robobin birki da waya, na jikinsa sun bushe tuni.

Lissafin giya ba wuya. Raba haƙoran gaba da na baya, ka ninka da kewayen taya, wanda a 27 x 1¼ ya kai kamar mita 2.16. Da 42 da 16, juyin feda ɗaya zai kai ka kusan mita 5.7. Da 17, mita 5.3. Da 18, mita 5. In ka ɗora sarƙa a kan 52 da 16, mita 7 ke nan, gwiwa za ta gaya maka tun ba a je ko'ina ba, kuma rage gudu da ƙafa ya zama wahala. A gari shimfiɗaɗɗe kamar Kano 16 ko 17 duk sun yi. Da 17, in kana juya feda sau 90 a minti, kana gudun kilomita 29 a awa, ya ishi mai yawo cikin gari. Mai zama Jos ya fara da 18, amma ya tuna gangara ma da ƙafa ake sauka, babu hutu.

Ni 17 zan zaɓa, ga dalili. Duk lokacin da taya ta kafe ta ja ƙasa, ƙafafu a wuri ɗaya suke tsayawa, don haka wuraren da taya ke cinyewa ƙididdigaggu ne. Rage lissafin zuwa ƙarshensa, lambar ƙasa ita ce adadin wuraren. 42 bisa 14 ya zama 3 bisa 1, wuri ɗaya tal, taya ta huje nan da nan. 42 bisa 18 ya zama 7 bisa 3, wuri uku. 42 bisa 16 wuri takwas. 42 bisa 17 ba ya raguwa, wuri goma sha bakwai. Kai da ba za ka riƙa jan taya ba wannan bai dame ka yanzu ba, amma ranar da ka sayi hob na gaskiya kog ɗin zai bi ka.

Sarƙa: mai 1/8 tana hawa kog mai 3/32, amma mai 3/32 ba ta hawa kog mai 1/8. Saboda haka in ta Phoenix za ka ɗauka, kowane kog ya yi. Gwada ta da rula: gaɓa 12 cikakku inci 12 ne cif a sabuwa. In sun kai 12 da 1/16 ta tsufa, in sun kai 12 da 1/8 jefar da ita, za ta cinye maka sabon kog. Gaskiya sarƙa ba ta da tsada, a fiksi kuma ita ce rabin birkinka, sabuwa ta fi. Wajen yankewa, tura taya gaban tsaga, ka yanke a gaɓa mafi kusa da za ta haɗu. Cikakkiyar gaɓa ɗaya tana matsar da aksil rabin inci, rabin gaɓa rubu'in inci, ƙarin haƙori ɗaya a kog kuma kamar milimita 3. Da tsagarka za ka iya sauya 16 da 17 ba tare da taɓa tsawon sarƙa ba.

Wajen ɗaurewa, farantin gaba ba ya taɓa zama da'ira cikakkiya. Juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi tauri, a nan za ka daidaita, ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya. In ta yi tauri da yawa tana cin boris, in ta saki tana sauka, kuma sarƙar da ta sauka ta maƙale tsakanin kog da wayoyi tana kafe taya nan take. Aksil na noti ya fi na maɗaurin hannu riƙewa. Sifana 15, a ɗaure sosai.

Feda kuma, a kwana ba za ka iya ɗaga ta ciki ka tsaya ba, juyawa take. In hannun fedarka milimita 170 ne, rage kwanciya a kwana, in ka samu mai 165 ya fi. Sa madaurin ƙafa, ko na bel ɗin mota ne aka ɗinka, domin in ƙafa ta zame a gangara feda ba ta jiranka, ƙwauri take nema.

Mai Sifana 15 ya rubuta:

Ƙari kaɗan a kan na Injiniya. Wajen neman zoben gidan feda a tarkacen masu gyara, kar a ba ka na tsohon Raleigh na Ingila. Nasu layi 26 ne a inci, ba 24 ba, zai fara shiga sannan ya cije ya ɓata tiredi. Na jikin Peugeot ɗinka ma in na Faransa ne ba zai yi ba. Je da kog ɗinka da wilin a gwada a gabanka. Kuma bayan kog ya zauna, in tiredin da ya rage bai kai zagaye uku ba, zoben ado ne kawai.

Farantin 52: in kusoshi biyar ne suka riƙe shi, cire shi, amma kusoshin za su yi tsawo, sai a sa gajeru ko a cike da washa, in ba haka ba mai 42 zai riƙa wasa. In a matse yake da hannun feda, bar shi a wurin, ba ya hana komai, yana ma ɗan kare wando. In hannun fedar na kotafin ne, wato kusar da ke riƙe shi a jikin aksil, sa sababbi, na Faransa yawanci milimita 9, na Ingila 9.5, ɗaya kansa sama ɗaya ƙasa don hannayen su miƙe daidai. Da guduma ake zaunar da kotafin, noti riƙewa kawai yake yi. Fiksi yana dukansa gaba da baya, don haka a sake duba shi bayan kwana biyu na hawa.

Maganar wando ba ƙarama ba ce. A keke na kullum in sarƙa ta kama ƙafar wando, ka daina taka feda shi ke nan. A nan taya ce ke tuƙa feda, za ta ci gaba da naɗewa har ta kayar da kai. Naɗe ƙafar dama ko ka sa roba, kaftani a tattare shi, igiyar takalmi a cusa ta ciki, silifa kuma ba na wannan keken ba ne. Haka wajen sa mai: kar ka goge sarƙa da tsumma taya na juyawa, nauyin wilin kaɗai ya isa ya ja yatsa cikin haƙora ya datse shi. Tsayar da taya, goge, matsar, goge. Lokacin hunturu mai kaɗan ake sawa a share na waje, don ƙura da mai in sun haɗu sun zama magagari.

Ranar gwaji, nemi fili marar motoci. Taka da ƙarfi daga tsaye sau biyar ko shida kana tsayawa da birki kawai, ka sauka ka sake bugun zoben, za ka tarar ya ɗan saki domin kog ya ƙara shiga. Sannan ja layi ɗaya da farin fenti daga kog ya ratsa zobe zuwa jikin hob. Kullum kafin ka hau kalli layin. In ya rabu, kog ya motsa, kar ka hau sai an sake ɗaurewa.